Watan da Kakanki Ya Gani

Dogon Dutsi, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Ramatu,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata gare ki. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Yamai lafiya, ke da akwatinki da buhun hatsin da innarki ta nace sai kin tafi da shi, sai ka ce an gaya mata ba a girki a jami'a. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki.

Na sa takardar cikin littafinki na fizik ne don na san shi za ki fara buɗewa kafin ki nemi ko man shafawa. Labarin gida ba ni da shi, tunda gobe Alhamis da safe za ki bar gidan. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni.

Ran Asabar da muka je ƙauye ki yi bankwana da kakanki, Baba Nomau, na ji kin shiga ɗakinsa kina cewa, "Ina Ga-shi-can, tsohon mijin nawa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wasan jika da kaka ne, babu mai cewa kin yi laifi. Amma ba ki san inda sunan nan ya fito ba. Ni ne silarsa. Shekara ashirin da 'yan kai ana kiran mutumin nan maƙaryaci cikin raha, alhali bai yi ƙarya ba. Yanzu ga shi kwance, ƙafa ta kumbura, yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a. Ina so in wanke sunansa yana da rai. Ke kuma za ki karanta ilimin da na yi wannan ɓarnar da shi, don haka gara ki ji yadda aka yi daga bakina.

Lokacin da aka turo ni ƙauyen innarki, gabas da Kore Mairuwa, ina sabon mushe, wato malamin makarantar boko, ban san komai game da sama ba sai abin da kowa ya sani. A cikin kabat ɗin lakkwal, makarantar tamu ke nan, na tarar da wani littafin Faransanci da wani tsohon darakta ya bari, gara ta ci bayansa. Littafin lissafin wata ne da taurari, da jadawalin husufi na shekaru masu zuwa. Ƙauye ne, in an tashi yara ba abin yi, sai na duƙufa a kansa. Daga baya na sayi madubin hangen nesa mai ido biyu a hannun wani ɗan gwanjo a kasuwar Dutsi. Ranar da na fara ɗora shi kan wata na ga ramuka da tsaunuka, wallahi sai da na zauna ƙasa. Wannan daɗin har yau bai sake ni ba, ba kuma na yin nadamarsa.

Kuskurena na farko ya zo ne a kan husufin wata. Na gani a jadawali cewa za a yi shi daren wata Talata, bayan isha kaɗan, sai na faɗa a bakin masallaci kwana uku kafin ranar. Aka yi mini dariya. Ran Talata wata ya fito sarai, can sai gefensa ya soma duhu, ya bi ya yi ja. Yara suka fito da gwangwanaye da tasoshi suna kaɗawa, wai rana ta kama wata, a ba ta haƙuri ta sake shi. Manya suka yi masallaci. Ni kuwa ina tsaye da agogo a hannu, na ce musu kafin ƙarfe kaza zai washe, kuma ya washe.

To, kin ga a nan ya kamata in ɗauki fitila da ƙwarya da goriba in nuna musu yadda inuwar ƙasa take faɗawa kan wata. Abin minti goma ne, 'yan aji huɗu ma suna ganewa. Ban yi ba. Da aka tambaye ni yadda na sani, sai na yi murmushi na ce ai karatu ne. Washegari wata tsohuwa ta aiko mini da kaza, tana so in duba mata ko ɗanta da ya tafi ci-rani zai dawo. Wasu suka ce doguwa gare ni, ita ke raɗa mini. Na mai da kazar, amma jita-jitar ban mai da ita ba, don ta yi mini daɗi. In na wuce ana yin shiru, ni kuwa ina ɗaga kafaɗa. Mutanen garin ba su ƙaru da komai ba game da wata, boka ɗaya kawai suka ƙaru da shi, mai wando da agogo.

Yau samarin nan 'yan kasuwa masu wa'azi sun hana kaɗa gwangwani, sun ce a yi salla, kuma sun kyauta. Amma tambayi mutum goma a tashar Dutsi abin da ke rufe wata, ki ji amsa. Mu da muka sani muka riƙe abin a aljihu. Don haka, Ramatu, duk abin da kika koya wanda za a iya nuna shi da hannu, ki nuna shi. In kika ga ana kallonki da tsoro saboda abin da kika sani, ki tabbata ba ki gama bayani ba. Ki sake farawa, da Hausa, har sai mai tallan fura ta iya maimaita shi.

Kuskure na biyu shi ne raini. A garin nan akwai mai duban sama tun kafin a haife ni, shi ne kakanki. Bai taɓa shiga lakkwal ba. Manomi ne, amma shi ake tambaya ko taurarin nan Kaza da ɗiyanta sun ɓuya, ko lokacin gyaran gona ya yi, kuma shi ke fara ganin jinjirin wata kusan kowane wata. Yana da wani tudu bayan rumbuna, inda ake hangen duwatsun yamma babu itacen da ya tare. In wata ya kusa ƙarewa, yakan tsaya can bayan sallar asuba ya dubi ragowarsa a gabas. Sai ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya, ya auna da yatsu tsakanin watan da bakin ƙasa. Gobe ma ya auna, jibi ma haka, har ranar da watan ya ɓace. Daga nan ya san maraicen da zai tsaya, ya san kuma ko dama da inda rana ta faɗi zai fito ko hagu, da tsagin dutsen da zai kasance a kansa. Ba ya laluben sama. Wuri ɗaya yake kafa wa ido ya jira.

Kin gane abin da nake gaya miki? Awo ne, ana maimaita shi kowane wata, shekara arba'in. Abin da malamanki za su sa ki yi ke nan a ɗakin gwaji, sai dai su za su ba ki takarda mai layi. Ni kuwa a lokacin na ɗauke shi al'adar tsofaffi. Na auri ɗiyarsa, ina durƙusawa in gaishe shi, ina cire takalmi tun daga ƙofar gida, amma ko sau ɗaya ban hau tudun nan na tsaya kusa da shi ba. Ya taɓa aiko innarki ta ce in ina so in zo da madubina mu duba tare. Na ce ina da gyaran takardun yara. Da na je, da na koyi a wata uku abin da littafin nan bai ƙunsa ba.

A Yamai za ki sadu da masu digiri, ki ba su girmansu. Amma in kika tarar da mutumin da ya daɗe yana kallon abu ɗaya, masunci ne ko makiyayi ko mai haƙar rijiya, ki tambaye shi yadda yake yi kafin ki gaya masa abin da littafi ya ce. Ba duk abin da zai faɗa ba ne daidai. Kakanki ma ya yarda cewa in wata ya kwanta ta gefe kaza za a yi tsadar hatsi, wannan kuwa babu shi. Aikinki ki tace, ki ware abin da ya gani da idonsa daga abin da ya gada a baki.

Yanzu ga babban.

Shekara ta biyu da aurenmu, ranar ashirin da tara ga Sha'aban, gari ya shirya duban watan azumi. Na duba littafina da kalanda, na ga a ranar ce aka haifi watan. A wani shafi kuma marubucin ya ce da wuya ido ya ga jinjirin da bai cika yini da kwana ba. Na haɗa biyun na yanke hukunci tun da hantsi cewa yau babu wata. Ban tsaya duba ko da wane lokaci na ranar aka haife shi ba. Da maraice na hau katangar lakkwal da madubina don a gan ni, na share sama sama-sama daidai inda rana ta faɗi, aka kira magariba na sauko na tafi masallaci tare da kowa.

Kakanki shi kaɗai ya rage a tudu. Can yake yin magaribarsa a irin wannan rana, don ya san jinjiri ba ya bayyana sai hasken rana ya ɗan ja baya, daidai lokacin da jama'a ke cikin sahu. Muna sallamewa muka ji muryarsa daga bayan rumbuna: "Ga shi can! Ga shi can!" Aka ruga. Kafin a isa, watan ya sauka cikin jan da ke bakin duwatsu. Yana nuni da sanda, mutane suna ta murza ido, babu wanda ya ga komai.

Aka dawo ƙofar liman. Kakanki ya ce ya gani, hagu da inda rana ta faɗi, bisa tsagin dutse na biyu, siriri kamar zaren da aka ja daga bakin zane. Ya rantse. Liman mutum ne mai natsuwa, Allah Ya jiƙansa. Ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa a aika wa mai gari ba, ko akwai na biyu? Ba a samu na biyu ba. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Mushe, kai da ke da madubi, ka gani?"

Abin da ake nema daga gare ni kalma uku ce: ban gani ba. Da na faɗe su na yi shiru, da an tashi lafiya, kakanki ya ɗauki azuminsa shi da iyalinsa kamar yadda shari'a ta ce, gari ya jira gobe, babu wanda ya zubar da mutuncin wani. Amma ina, ga taro, ga ni mai husufi. Na ce watan nan ba zai ganu ba yau ko da madubin da ya fi nawa, lissafi ya hana. Na ce duk wanda ya ce ya gani, ko gajimare ya gani, ko kuwa yana so a ce shi ya fara gani. Na faɗi haka surukina yana tsaye, rantsuwarsa ba ta bushe a bakinsa ba. Wani ya yi dariya daga baya. Kakanki ya ɗauki buzunsa ya shiga gida.

Washegari da maraice wata ya fito babba, ya daɗe bai faɗi ba. Wasu tsofaffi suka soma cewa kai, wannan ai ɗan kwana biyu ne. Na tare su da bayani cewa girman jinjiri ba hujja ba ne, kuma a ƙa'ida gaskiya na faɗa, sai dai don in kare kaina na faɗe ta. Azumi ya zo mana ashirin da tara, shi kuma talatin, ga shi duka biyun suna yiwuwa, don haka babu abin da ya raba gardama. Kafin Salla yara sun soma bin shi da "Ga shi can". Manya suka ɗauka. In mutum ya faɗi abin da ba a yarda da shi ba a kasuwa, sai a ce masa ko watan Nomau ne.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da na fi so ki tafi da shi. Abin da ba ki gani ba daban, abin da babu shi daban. In an tambaye ki, ki faɗi iyakar abin da idonki ko awonki ya ba ki, ki tsaya nan. In lissafinki ya yi karo da shaidar mutumin da ba a san shi da ƙarya ba, ki koma ki sake lissafin kafin ki buɗe baki. Kuma kome ƙarfin hujjarki, kada ki taɓa shiga zuciyar mutum ki faɗi dalilin da ya sa ya yi magana. Littafina bai ce kakanki mai son a sani ba ne, ni na ƙara wannan.

Daga wannan shekara bai sake hawa tudun ba. Samari biyu da suke bin shi suna koyon awon yatsu suka watse, wa zai so a haɗa shi da Ga-shi-can? Ni ma da aka yi mini canji zuwa Matankari na tafi da madubina. Yau a garin nan babu mai duban wata ko ɗaya. Ana zaune a jira rediyo ko saƙon waya. Ni da na zo da sunan kawo ilimi, na tarar da mutane suna kallon sama, na bar su suna kallon aljihu.

Kuskure na ƙarshe ke kika tona shi, ba ki sani ba. Shekara uku da suka wuce kin sa mini abin nan a waya mai nuna yadda sama take a kowace rana da kowane gari. Kin ce in yi wasa da shi tunda na yi ritaya. Na ɗauko tsohon kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na nemo ranar, na shigar da ita. Ashe tun tsakar daren da ya gabata aka haifi watan. Da faɗuwar rana ya kusa awa goma sha tara, yana tsaye sama da bakin ƙasa, hagu da rana, inda mai kaifin ido da ya san wurin zai iya kama shi na ɗan lokaci. Na sake shigarwa sau uku ko zai canza. Bai canza ba.

Na kashe wayar na tafi masallaci. Shekara uku ke nan ina cewa sai bayan girbi, sai bayan Salla, sai ya ɗan ji sauƙi. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, ina kuma tsoron a ce Mushe Arzika mai husufi ya yi kuskuren da ɗan aji shida ba zai yi ba. A cikin shekarun nan uku liman ya rasu, idon kakanki ya rufe. Na farkon kuskure ne na ƙuruciya, wannan kuwa da furfurata na yi shi. In kika gano kin yi kuskure, a ranar za ki faɗa, ga wanda abin ya shafa, a gaban waɗanda suka ji na farkon. Jira ba ya rage nauyinsa ko kaɗan, shaidu kawai yake ragewa.

Shekaranjiya Litinin na hau babur na koma ƙauye ni kaɗai. Na same shi a kan tabarma, an jingina shi da bango. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba, na zo ne a kan watan shekarar nan. Bai tambaye ni wace shekara ba. Na gaya masa duka, har da shekara ukun. Na ce ku kuka yi gaskiya, ni na yi muku ƙazafi, ku yafe mini.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Can ya tambaye ni ko wayar ta faɗi tsayin watan daga bakin dutse. Na ce in aka mai da shi awonku, zai yi yatsa biyar da rana ta faɗi. Ya ce a'a, lokacin da ya gan shi uku ne da ɗan ƙari, don ya riga ya soma sauka. Na lissafa a zuci, haka ne.

Sannan ya ce, "Mushe, ni ban taɓa shakka ba, ai na gan shi. Yafiya kuwa na yafe tun kafin a haifi Ramatu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Na rantse da Allah a gaban mutane, suka tashi da cewa na rantse a kan ƙarya. Wannan nake so a cire mini kafin in tafi."

Muka ƙirga waɗanda suke ƙofar liman a ranar. Mutum huɗu suka rage, ɗaya ma ba ya ji sosai.

Da na dawo gida na gaya wa innarki, ina tsammanin za ta yi mamaki. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, tuwon ranar da ka ci washegarin nan, da azumi a bakina na tuƙa shi." Shekara ashirin da 'yan kai muna ɗaki ɗaya da matar nan, ban sani ba. Ban kuma taɓa tambayarta ba.

Jibi Juma'a zan koma. Na riga na nemi izinin sabon liman, bayan an sallame zan miƙe in faɗi abin da na rubuta miki, da sunana da nasa. Ƙannen innarki sun ce za su ɗauko shi a amalanken jaki su ajiye shi a inuwar masallaci, kusa da taga, inda zai ji. Jiya sun aiko cewa ko kunu bai sha ba.

Kada ki fasa tafiyarki, kada kuma ki juyo daga hanya. Wannan aikina ne. Ke dai ki yi karatunki, ki ci abinci a kan lokaci, ki kira innarki ko ba ki da abin faɗa. Ki gaida gwaggonki ta Yamai da mutanen gidanta, ki yi musu biyayya. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na gari, Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya ba ki harshen faɗin gaskiya a kan lokacinta, Ya dawo mana da ke lafiya. In kin idar da sallar asuba ran Juma'a, ki roƙa wa kakanki abu ɗaya: Allah Ya kai shi azahar da ransa da jinsa.

Babanki,
Arzika